Sassaƙar da ba hannu ɗaya ya yi ta ba

Jama'a akwai abun da yake ɗan sosa min rai duk sanda na ga an ɗora hoton wani aikin sassaƙa mai kyau a intanet, sai ka ga suna ɗaya tal a ƙasa, wane ne ya yi, shikenan mutane su yi ta zuba yabo. Alhali in ka ƙura wa abun ido da kyau za ka ga akwai ƙarfe a jiki wanda maƙeri ne ya buga shi, akwai fenti wanda ba masassaƙin ne ya shafa ba, wani lokacin har da fata ko saƙa ko ɗan gilashi, kuma kowacce a cikinsu sana'a ce mai zaman kanta da mutum zai shekara da shekaru yana koyo bai kai ƙarshenta ba. To kan wannan nake so mu ɗan taɓa hira yau, itace ɗaya ya bi ta hannun masu sana'a kala kala kafin a ce an gama.

Kuma tun kafin wani ya ce ai mu ba ruwanmu da gumaka, ba lallai sai mutum-mutumi ba fa, ƙofa ma sassaƙa ce, mumbari sassaƙa ne, haka akwati da kujera da allon bango, dokar aikin duk ɗaya ce.

Ni a nawa ganin gwaninta ba ita ce wahalar wannan harkar ba, gwanaye suna nan da yawa. Wahalar ita ce masassaƙi ya san inda zai ajiye gizagonsa ya bar wa na bayansa wuri. Mai ginin yumɓu in ya cire da yawa sai ya ƙara, maƙeri in ya lanƙwasa ba daidai ba sai ya mayar wuta, amma itace abun da ka sare ya tafi kenan, babu dawowa, kuma kusan kullum masassaƙi shi ne na farko a layi, dan haka duk abun da ya yanke ya yanke wa kowa da kowa ne har da waɗanda ba su ma ga itacen ba tukuna.

Bari in ba ku misalin da ya fi burge ni. A Turai wajen shekarun 1400 zuwa 1600, yawancin sassaƙar da ake sawa a coci-coci ba a barin ta da launin itace, fenti ake mata da zinare, kuma ba masassaƙin ne yake yi ba, wasu mutane ne daban da tasu ƙungiyar sana'ar. Idan ya gama sai su karɓa su dafa gam na fatar dabba su kwaɓa shi da alli su yi ta shafawa, shafi kan shafi, wannan ya bushe a ƙara wani, har jikin ya yi fari fat, sannan a kankare a gyara, inda za a sa zinare a shafa wata jar ƙasa mai laushi, a ɗora zinaren da aka buga ya yi siriri har numfashi ma yana ɗauke shi, a zo a goge da dutse mai santsi ko haƙorin dabba har ya ɗau ƙyalli. To ga inda gizo ke saƙar, wannan farin shafin yana cike ramuka. Duk ɗan siririn layin da masassaƙi ya wahala ya yi na gashi ko na ninkin tufafi, in bai zurfafa ba allin nan zai binne shi. Saboda haka wanda ya san aikinsa da gangan yake zurfafa yanka ya fitar da kaifin gefe fiye da yadda ido zai so, aikin ya bar hannunsa yana da ɗan tsauri kamar bai gama laushi ba, dan ya san akwai wanda zai zo ya cike sauran. Wato mutum ya yarda aikinsa ya fita bai yi kyan ƙarshe ba saboda kyan ƙarshen ba nasa ba ne shi kaɗai. Wallahi ba kowa ne zai iya wannan ba, ba ma a sassaƙa kaɗai ba.

Kuma kar ku ɗauka zaman lafiya ake yi kullum. A birnin Sebil na ƙasar Sifen akwai wani babban masassaƙi Juan Martínez Montañés, akwai kuma mai fenti Francisco Pacheco, wanda shi ne malamin shahararren mai zanen nan Velázquez kuma uban matarsa, sun yi aiki tare sosai, wannan ya sassaƙa wancan ya yi fenti, amma a 1622 sai da suka kai ruwa rana, Pacheco ya rubuta ƙorafi saboda Montañés ya karɓi kwangila har da ɓangaren fenti da zinare alhali a dokar sana'a ba huruminsa ba ne. Ka ga dai rigimar nan ta wa ke da wane ɓangare kuma wa zai riƙe kuɗin tsohuwa ce. A Antwaf ta Beljiyam kuwa sai suka bi ta hanyar hatimi, a ƙona alamar hannu a jikin itacen in masu dubawa sun gamsu da itace da sassaƙar, fenti ma yana da tasa alamar daban, mai saye ya san an duba kowanne.

Mutanen Japan su kuma ta wata hanya suka ɓullo wa abun, kuma matsalar itacen ce da kanta ta tura su. Duk wanda ya taɓa ajiye gungume ya san halinsa, waje yana bushewa kafin ciki, kuma itace ya fi tsukewa ta kewaye fiye da ta tsakiya zuwa waje, kusan ninki biyu ma, shi ya sa gungumen da aka bar masa zuciyarsa sai ya dare komai daren daɗewa. Turawa sukan rarake bayan sassaƙar dan rage wannan. Su kuwa a Japan sai suka koma haɗa guntaye, a yanka katakai da yawa a rarake kowanne ta ciki a sassaƙa a harhaɗa, abu ya yi girma amma ba nauyi kuma ba ya tsagewa da sauƙi. Sunan da aka fi dangantawa da kammala wannan salon shi ne Jocho, wanda aikinsa na 1053 yana nan har yau a wurin ibada na Byodo-in da ke garin Uji, an rufe shi da zinare. Abun da wannan dabarar ta haifar shi ne yanzu mutum goma ko ashirin za su iya aiki a lokaci ɗaya, wannan yana kan hannu wancan yana kan kafaɗa, matuƙar kowa ya bi awon da babban maigida ya fitar. A 1203 masassaƙa Unkei da Kaikei da mutanensu suka sassaƙa manyan mutum-mutumin masu gadin ƙofar wurin ibada na Todai-ji guda biyu a garin Nara, kowanne ya haura mita 8, cikin kwana 69 kacal, kowanne kuma guntaye ne wajen 3,000 aka haɗa. Kwana 69 fa jama'a, ba injin ba wutar lantarki. Hannu ɗaya ko shekara nawa za a ba shi sai dai a yi haƙuri.

Yanzu bari mu sauko kan abun da yake faruwa in itace ya haɗu da kayan wasu sana'o'in, dan nan ne na ga mutane suna raina abun har sai ya ba su kunya. Itace ko an sare shi shekara 100 bai daina motsi ba, yana shan danshin iska ya kumbura, iska ta bushe ya tsuke, ta faɗi yake wannan motsin, ta tsawo kusan ba ya yi. Katako mai faɗin santimita 30 zai iya motsa milimita 3 ko 4 tsakanin lokacin danshi da na bushewa. Ƙarfe kuwa ba ruwansa da danshi. To in maƙeri ya zo ya ɗaure faffaɗan katako da sandar ƙarfe ta gicciye ya ɗaure noti tam ta ko'ina, itacen zai so ya tsuke ƙarfen ya hana shi, ƙarshenta dai itacen ne zai tsage dan shi ne mai rauni. Maganin ba wani abun a zo a gani ba ne, a yi ramin notin dogo maimakon zagayayye dan itacen ya samu wajen zamewa, amma sai in maƙerin ya sani, kuma ba zai sani ba sai in masassaƙin ya buɗe baki ya faɗa masa tun kafin ya hura wuta. Haka kuma akwai itatuwa masu yawan sinadarin nan da ake jima da shi, irin oak na Turai, in baƙin ƙarfe ya zauna a jikinsu danshi ya taɓa sai wajen ya yi baƙi ƙirin kamar an zuba tawada kuma ya shiga ciki, shi ya sa ake sa tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa a irin wannan wajen. Wasu kuma da gangan suke neman baƙin nan dan ado, wannan kuma zaɓi ne, bambancin kawai a ce an so hakan ne ba wai an wayi gari an gan shi ba.

Fata ma da nata halin. Baduku in ya ja ɗanyar fata jiƙaƙƙiya a kan itace, tana bushewa tana matsewa da ƙarfin gaske, abun da ake so kenan in jikin yana da kauri, amma in masassaƙi ya riga ya sirantar da wajen dan kyau sai fatar ta lanƙwasa shi ko ta fasa. Sai kuma maganar mai. Masassaƙa suna da wata ɗabi'a, da zarar sun gama sai hannu ya yi ta ƙaiƙayi su shafa mai ko kaki dan su ga launin itacen ya fito, to in ka yi haka ka gama da mai fenti da mai gam, dan fentin ruwa da gam ba sa kama jiki mai maiƙo. Ta ɗaya ɓangaren kuma in wani ya yi saurin bin itacen da sanfefa kafin a gama yanka, ƙananan tsakuwoyin sanfefar suna maƙalewa a jikin itacen su dinga dakusar da bakin kayan aikin wanda zai zo ya ci gaba. Duk waɗannan ba wanda ya yi mugunta, kowa ya yi abun da yake daidai ne a tasa sana'ar, tsarin wa zai riga wa ne kawai ba a zauna an yi ba.

In ana maganar inda aka yi wannan tsarin har ya kai maƙura, ni dai mumbari nake kawowa. Akwai mumbarin masallacin Kutubiyya wanda aka fara a Kurɗuba ta Andalus a 1137 bisa umarnin sarkin Murabiɗai Ali bin Yusuf, aka kai shi Marrakesh ta ƙasar Maroko a guntaye aka harhaɗa, tsawonsa ya kusa mita 4, yanzu yana ajiye a fadar Badi. Jikinsa ƙananan allunan sassaƙa ne birjik, kowanne da nasa zanen ganye, an kewaye su da layuka na ƙashi da itatuwa masu launi da aka yayyanka ƙanana aka jera. Ka yi tunani, wanda ya zana lissafin taurarin daban, masu sassaƙa allunan daban, masu jera ƙashi daban, mai rubutun daban, kuma in ɗaya ya kauce da ɗan kaɗan layin ba zai haɗu da ɗan uwansa a can gaba ba. A irin wannan aikin ba wanda ya isa ya ce bari in ɗan nuna kaina.

Sai na Masallacin Ƙudus, wanda Nuruddin Zangi ya sa aka yi a Halab wajen 1168, Salahuddin ya kai shi Ƙudus bayan ya karɓi birnin a 1187. Abu biyu nake so a jikinsa. Na farko guntayen shiga juna suke, ba gam ba ƙusa, kowane ɗan allo yana zaune a cikin tsagi yana da ɗan wajen numfashi, wato an magance matsalar motsin itacen nan da na faɗa tun daga zane. Na biyu masu aikin sun rubuta sunayensu a jiki, ba mutum ɗaya ba, su da yawa. An ƙona mumbarin nan a watan Agusta na 1969, kuma da aka tashi sake yin irinsa sai aka tarar ilimin haɗa shi ya warwatse, sai da aka tattaro masu sana'a daga ƙasashe daban daban aka zaunar da su a Salt ta ƙasar Jodan, aka yi shekaru ana yi kafin a kafa sabon a 2007. Wannan ya nuna min cewa abun da yake saurin ɓacewa ba iya riƙe kurfi ba ne, masu hannu ana samu, sanin yadda aikin wannan zai shiga cikin na wancan shi ne yake mutuwa in an daina yi tare.

A wannan zamanin kuma akwai wani salon da ya juya abun gaba ɗaya, ba maigida ba zane ba kwangila. A lardin Saskacewan na Kanada akwai taron da ake kira Emma, wanda ya samo suna daga tafkin Emma inda aka fara shi a 1996, Michael Hosaluk mai aikin itace da injin juyi yana cikin waɗanda suka assasa shi. Duk bayan shekara 2 ake tara masu sana'a wajen 100, masassaƙa da maƙera da kafintoci da masu fenti da masu saƙa da masu kayan ado, a zauna kamar mako guda a daji, wani ya fara abu ya ajiye, wani ya zo wucewa ya ɗauka ya ƙara masa ƙafafun ƙarfe, wata ta zo ta yi masa fenti, a ƙarshe a yi gwanjon kayan kuɗin ya tafi shirya taro na gaba. An kwaikwayi tsarin a wasu wuraren har da Niyu Zilan. Gaskiya ta ita ce ba duk abun da yake fitowa daga irin wannan taron ne yake da kyau ba, wasu in ka gani ka san hannu ya yi yawa, kowa ya zo ya ɗora nasa ba wanda ya rage komai, abu ya zama kamar an yi masa lodi. Amma ban ɗauka kayan ne amfanin taron ba. Amfanin shi ne mutumin da ya shekara 20 shi kaɗai a rumfarsa yana maimaita abun da ya iya, yau ga shi yana kallon wani ya ɗau zarto ya raba kwanon da ya wahala a kai gida biyu, dole ya haɗiye ya tsaya ya ga me zai fito, wani lokacin kuma abun da ya fito ya fi wanda ke kansa.

Ko a Najeriya an yi makamancin haka ta wata fuskar, a Oye-Ekiti daga 1947 inda Fada Kevin Carroll ya haɗa masassaƙa da masaƙa da masu aikin duwatsun ado wuri ɗaya, kuma ta wannan hanyar ne shahararren masassaƙi Lamidi Fakeye ya yi koyo a hannun George Bandele. Su Mawori na Niyu Zilan kuwa ɗakin taronsu dama haka ake gina shi, ginshiƙai na masassaƙa, tsakanin ginshiƙai saƙa, azarar sama zanen fenti.

To mu dawo kan maganar suna, dan ita ce take ɓata zumunci fiye da komai. A birnin Bankuba na Kanada akwai wani shahararren aiki na masassaƙi Bill Reid, hankaka a kan ƙwanso mutanen farko suna fitowa daga ciki, an buɗe shi a 1980, an yi shi ne da katakai 106 da aka manne suka zama gungume ɗaya, har hotonsa ya hau takardar dala 20 ta Kanada a 2004. Tunanin nasa ne, ƙaramin samfurin nasa ne, amma yawancin saran wasu ne suka yi, cikinsu akwai Jim Hart da Reg Davidson da George Rammell da Guujaaw, shi kuma a lokacin ciwon karkarwar jiki ya fara kama shi. Bayan rasuwarsa, a 1999, wata mujalla ta tayar da ƙura kan wa ya yi me a ayyukansa. Ni ban ga laifin mai tunani ya jagoranci masu hannu ba, haka Unkei ya yi, haka aka yi mumbarin nan. Inda nake da magana shi ne a faɗa. Rubuta suna huɗu ko biyar a ƙasan aiki bai rage wa babba komai ba, amma ga yaron da ya yi wata da watanni yana sara, wannan layin ɗaya shi ne zai samo masa aiki na gaba.

Shi ya sa in abokai masu sana'a suka ce min za su haɗa hannu a wani aiki, ba na tambayarsu me za ku yi, tambayata ita ce kun zauna kun yi magana mara daɗin tukuna? Wa zai fara wa zai biyo, wa ke da ikon yanke abun da wani ya yi, sunan wa da wa za a sa kuma a ina, in an sayar ya za a raba, in ya tsage bayan shekara 2 wa mai saye zai kira. Mutane suna jin nauyin wannan maganar saboda ana ganin kamar rashin yarda ne, sai a ce ai mu 'yan uwa ne ba sai an faɗa ba, to an fi yin faɗan ma tsakanin 'yan uwan. Kuma rabon kuɗi ba a yin shi da awon girman ɓangare, mai yiwuwa maƙeri ya yi ɗan maƙalli guda wanda bai kai tafin hannu ba amma shi ne yake riƙe da abun gaba ɗaya, mai fenti kuma ta yi kwanaki tana shirya jiki wanda ba wanda zai taɓa gani dan yana ƙarƙashin launi.

Akwai kuma tambayar da aka fi mantawa, wa zai ce an gama? Mutum ɗaya in yana aikinsa jikinsa yana gaya masa ya isa haka. Mutum biyar kuwa kowa yana ganin saura ɗan nasa, mai fenti tana son ƙara ja, maƙeri ya ga wajen da zobe zai yi kyau, masassaƙi yana so a dawo masa da shi ya ɗan gyara gefe alhali an riga an shafa alli. Ni dai ra'ayina a zaɓi mutum ɗaya tun ranar farko a ba shi wannan ikon, kuma in son samu ne kar ya zama wanda ya fara aikin, dan shi har yanzu hoton farkon nan ne a kansa, duk abun da aka ƙara gani yake kamar an kauce. Gara wanda zai yi shafin ƙarshe, ko ma wani a cikinsu da ya fi kowa ƙarancin hannu a ciki, shi ne zai iya ja da baya ya kalli abun yadda yake yanzu ya ce kowa ya ajiye kayan aikinsa a kawo mai a shafa.